Daga Bayan Gari Zuwa Cikin Ɗaka: Tarihin Shaye-shaye a Ƙasarmu

Mu da muka riski dattawan da suka ga zuwan Turawa, mun taso ne a zamanin da ake iya ƙirga mashayan gari da yatsu. Burkutu da fito suna can bayan gari, zaƙami kuwa sai 'yan tauri da mafarauta. Wanda duk aka gani yana tangaɗi, to ya jawo wa gidansu abin faɗi, har neman aure kan gagare shi. Turawan mulki ma, bisa yarjejeniyar Birasels ta 1890, sun hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turai a Arewa, sai aka bar ta a bariki da Sabon Gari.

Tabar wiwi, kamar yadda akasarin masana suka tafi a kai, ta bazu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta hannun sojojin da suka dawo daga Indiya da Bama. Gwamnatin soja ta kafa mata doka mai tsanani a 1966, amma hakan bai hana ta yin jijiya ba. Muna kwalejin horon malamai ƙwaya ta shigo, da sunan maganin gajiya. Manomi ya haɗiya don ya gama huɗa da wuri, direba ya haɗiya don ya kwana bisa hanya, ɗalibi kuma don jarrabawa. A ganinmu nan ne aka yi sake, domin abin da aka kira magani ba a jin kunyarsa. Ko da aka kafa hukumar NDLEA a 1989, yara sun riga sun san sholisho.

Sai kuma kodin da taramol suka zo, suka tsallake zaure. Kwalbar maganin tari ba ta wari, ba ta hayaƙi, tana shiga jakar amarya ba wanda ya tanka. A 2018, bayan wani binciken BBC, gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka fitar a 2019 ya nuna mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, ban da giya da sigari. Cikin kowane huɗu, ɗaya mace ce.

Illar a jiki take bayyana. Kodin yana rage numfashi har mutum ya wuce cikin barci, taramol mai yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, giya tana cinye hanta, wiwi kuwa kan taɓa ƙwaƙwalwar wanda ya fara da ƙuruciya. Mun sha ganin yaron da ke zuwa na ɗaya a aji shida, bayan 'yan shekaru mu tarar da shi a ɗaure da mari a gidan wani malami, iyayensa suna cewa iska ce. Sau da yawa uwar ta daɗe tana tsintar kwalaben a bayan ɗaki, ta ɓoye don kada maƙwabta su ji.