Matse bidiyo

Matse bidiyo hanya ce ta rage nauyin fayil ɗin fim domin ya ci wuri kaɗan a ma'ajiyar kwamfuta, waya ko memori, ba tare da hoton ya lalace yadda ido zai lura ba. Ana yawan yin sa bayan an kwafo fim daga faifai, domin faifan DVD mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7, mai biyu 8.5, Blu-ray kuma 25 ko 50.

Yadda yake aiki

Fim jerin hotuna ne masu wucewa da sauri, guda 25 a daƙiƙa a tsarin PAL. Da za a ajiye kowane hoto cikakke, awa ɗaya ta fim mai girman DVD za ta haura gigabait 50. Shi ya sa manhajar matsewa, wato kodek, take ajiye cikakken hoto jefi-jefi, a tsakani kuma ta rubuta abin da ya canza kawai. Idan jarumi yana magana a gaban bango, motsinsa ake rubutawa, ba a maimaita bangon. Tana kuma zubar da ƙananan bambance-bambancen launi da ido bai cika gani ba, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa.

Ire-iren kodek

Faifan VCD, wanda ya fito a 1993, yana amfani da MPEG-1, DVD kuma MPEG-2. An fitar da H.264 a 2003, H.265 a 2013, sai AV1 a 2018. Sababbin sun fi rage nauyi, amma tsofaffin wayoyi da dama ba sa buɗe su, don haka H.264 cikin fayil ɗin MP4 ya fi yaɗuwa.

Kiyaye inganci

Manhajojin kyauta irin su HandBrake da FFmpeg suna wannan aiki. A HandBrake akwai ma'aunin RF: ƙaramar lamba tana ba da hoto mai kyau da fayil mai nauyi, babba kuma akasin haka. Ga DVD ana ba da shawarar 18 zuwa 22. Cire muryoyin harsunan da ba a buƙata yana ƙara rage nauyi. Babban kuskure shi ne sake matse fayil ɗin da aka riga aka matse, domin kowane zagaye yana ƙara dusashe hoton.

A ƙasar Hausa

Fina-finan Kannywood sun taso daga kaset zuwa VCD da DVD, sannan suka koma hannun masu tura fina-finai a waya. A garuruwan kan iyaka irin su Sabon Birni da Isa a ƙasar Gobir, waɗanda ke cikin ƙananan hukumomin jihar Sakkwato da aka katse wa layukan sadarwa a watan Satumba na 2021 saboda matsalar tsaro, ƙaramin fayil yana da amfani, tunda ana iya tura shi daga waya zuwa waya ba tare da intanet ba. Illar ita ce, idan faifan asali ya karce, kwafin da ya sha matsewa ne kaɗai zai rage. Saboda haka ake so a adana kwafi ɗaya mai cikakken inganci. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta hana kwafa da sayar da fim ba da izinin mai shi ba.