Adakar Mazan Jiya: Tattara da Tantance Kayan Yaƙin Bama

A gidaje da dama na ƙasar Hausa akan tarar da wata tsohuwar adaka a ƙuryar turaka, wadda magada ke cewa kayan sojan Baba ne. In an buɗe, abin da aka fi samu shi ne lambobin yabo uku ko huɗu, waɗanda tsofaffi ke kira minda, da bajon hula na tagulla, da wani ɗan littafi da gara ta fara ci, wani lokaci da hoto ko kuɗin takarda na wata ƙasa. Masu waɗannan kaya kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu ma sun manyanta. Saboda haka aikin tantancewa ya faɗo kan manazarcin tarihi, kuma wajibi ne ya san abin da kowane ɗaya daga cikinsu zai iya shaida da abin da ba zai iya ba.

Matakin farko shi ne a gane wane yaƙi ake magana a kai, domin a bakin jikoki yaƙe-yaƙe kan cuɗe. Sojan Nijeriya sun yaƙi Jamusawa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sun je Gabashin Afirka a 1940, sun je Bama daga 1943, sun je Kwango a 1960, sannan ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Kan sarkin da ke jikin minda shi ne alƙali na farko. In na Joji na Biyar ne, a bayanta kuma ga mahayin doki da shekarun 1914 da 1918, to ta Yaƙin Duniya na Farko ce, kuma mai bincike ya yi sa'a, domin a kan bakinta an buga lambar soja da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa.

Mindodin Yaƙin Duniya na Biyu ba haka suke ba. Ingila ta raba su ba tare da suna ba, sai fa na jarunta da akan ba mutum ɗaya saboda wata bajinta. Wannan shi ne tushen wahalar. Tauraron Bama, mai tsini shida, mai ƙyalle ja a tsakiya da shuɗi da ruwan goro a gefe, yana nuna cewa wani mutum ya yi aiki a fagen Bama tsakanin Disamba 1941 da Satumba 1945, amma bai faɗi ko wane ne ba. Duk da haka, jerin mindodin kan yi magana in an karanta su tare. Tauraron Afirka, mai ƙyalle launin rairayi da jan layi a tsakiya, ba a ba da shi don zaman bariki a Kaduna ko Zariya ba. In an same shi a adakar Bahaushe, galibi alama ce ta cewa mai shi yana cikin waɗanda suka yaƙi Italiya, suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, suka wuce zuwa Harar a ƙasar Habasha. Wanda ya haɗa taurarin nan biyu tsohon soja ne tun kafin ɗiban mutane da aka yi gadan-gadan daga baya.

Alamomin ƙyalle da ake ɗinkawa a hannun riga sun fi minda ƙayyade wuri. Bajon hula mai itacen kwakwa na dukan rundunar Afirka ta Yamma ne, har da sojan Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Amma baƙin gizo-gizo a kan rawaya alamar Runduna ta 81 ce, wadda ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944. An ɗauko shi ne daga Anansi na tatsuniyoyin Asante, wanda Bahaushe ba zai sha wahalar gane shi ba, tun da ɗan'uwan Gizo ne a wayo. Runduna ta 82 kuwa alamarta masu biyu ne da aka gicciya a kan gammo, kuma gammon nan ba ado ba ne: a dazuzzukan Arakan, inda mota ba ta shiga, dubban sojoji a ka suka ɗauki harsashi da abinci. Rundunonin biyu sun haɗu a Myohaung a Janairun 1945. Akwai kuma bataliyoyin Nijeriya uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, waɗanda aka sauke ta jirgin sama a bayan layin Japanawa cikin dakarun Janar Wingate, kuma daga nan barikin Cindit na Zariya ya samo sunansa.

Abin da iyali suka fi rainawa shi ne ya fi kome daraja, wato littafin sallama. A cikinsa ne ake samun lambar soja, wadda ga 'yan Nijeriya take farawa da haruffan NA, da ranar shiga da ranar fita. Lambar ta fi suna amfani, domin akawun ɗaukar soja kan rubuta mutum da sunan garinsu ko ƙabilarsa, sai a sami Musa Kano ko Garba Katsina bila adadin. Wasu ma da gangan suka sauya suna, don kada iyaye su ji labari, a zamanin da ake ɗaukar aikin soja a matsayin aikin wanda ya gagari gida. Da lambar ce ake iya bin sawun mutum a takardun gidajen adana tarihi na Kaduna da Landan, da kuma rajistar hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel. Da ita ne iyalin da nasu bai dawo ba za su iya neman sunansa a ginin tunawa na maƙabartar Taukkyan, arewa da birnin Yangon, inda aka zana sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba.

Ganima tana bukatar taka-tsantsan. Kuɗin rufi da Japan ta buga don Bama an yi su da yawan gaske, sojoji kuma kan yi musayarsu da juna har a cikin jirgin ruwa na dawowa, saboda haka samunsu bai tabbatar da cewa mai su ya ga fagen daga ba.

Babban haɗarin da ke fuskantar waɗannan kaya ba gara ba ce, rabon gado ne. Ɗa ɗaya ya ɗauki minda, wata ta ɗauki hoto, a jefar da littafi don ba shi da kyan gani, daga baya dillalin kayan tarihi ya sayi mindar a kan kuɗi kaɗan. Daga ranar ta zama ƙarfe marar uba. Mai tattarawa da ya san aikinsa ba ya raba adaka. Yakan ɗauki hoton kowane abu gaba da baya, ya kwafe lamba harafi da harafi, ba ya goge tagulla ko sauya tsohon ƙyalle. Sannan ya zauna da tsofaffin matan gidan, domin sau da yawa su ne suka riƙe sunan jirgin ruwa, ko Bombai, ko wata kalmar Indiyanci da tsohon yake yawan faɗa. Ya rubuta abin da suka ce kamar yadda suka faɗa, da sunan mai faɗa da kwanan wata, a ajiye takardar cikin adakar tare da sauran kayan.