Gimi: ƙauyen da aka kafa don a aikata abin da aka karanta

1/ Jama'a, zaren yau a kan wani ƙauye ne a ƙasar Zazzau mai suna Gimi. Da yawanmu da muka tashi a ikilisiya mun san Wusasa, amma Gimi kam sai ɗaiɗai. Alhali duk wanda ya bi tushen Wusasa sai ya ratsa ta can. Da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku biyo ni.

2/ Labarin ya faro ne daga Kano. A ƙarni na 19 an yi wani malami, Malam Ibrahim, da ya duƙufa a kan abin da Alƙur'ani ya faɗa game da Annabi Isa, har ya tara almajirai. Hukumar lokacin ta ga koyarwarsa ta kauce, aka kashe shi a kasuwar Kano a wajajen 1867.

3/ Almajiransa suka watse, wasu suka nufi Ningi, wasu ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau. Su ake kira Isawa. A lura fa, ba Kiristoci ba ne a lokacin, kuma ba wani ɗan mishan da ya koyar da su. Sun dai riƙe girmama Isa, suka gadar wa 'ya'yansu.

4/ A ɗaya gefen kuma, a 1900 ayarin mishan na CMS ƙarƙashin Bishop Tugwell ya isa Kano, Sarki Aliyu ya sallame su. A cikinsu akwai wani likita ɗan Ingila, Walter Miller. Ya zauna a Girku, a 1905 ya koma cikin birnin Zariya, yana ba da magani, yana koyar da yara, yana fassara.

5/ Shekaru suka yi ta tafiya, waɗanda suka karɓi saƙonsa ba su taka kara sun karya ba. Sai a 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka zo wurinsa a Zariya da ƙafarsu, suna neman ƙarin bayani a kan Isa. Aka karanta musu Linjila da Hausa.

6/ To ga inda ya fi burge ni. Waɗanda suka ba da gaskiya ba su tsaya a "mun ji, mun gode" ba. Suka tattaro iyalansu daga ƙauyuka daban-daban suka zauna wuri guda a Gimi, wajajen 1914. Wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, W. A. Thompson, ya zauna tare da su.

7/ Manoma ne. Suka share daji, suka yi gidaje da ɗakin sujada da makaranta. Ku tuna, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932. Sassa kawai ke hannunsu. Da wannan ɗan abin suka bar gonakin gado da dangi don su zauna yadda suka fahimci almajiri ya kamata ya zauna.

8/ In da wa'azin da muke yawan ji yanzu ne, nan za a ce sai albarka ta sauko, rumbuna suka cika. Ba haka aka yi ba. Yankin akwai ƙudan tsando. Ciwon barci ya shiga ƙauyen, ya yi ta ɗaukar mutane, manya da yara. Cikin 'yan shekaru zaman ya watse.

9/ Na daɗe ina juya wannan a raina. Mutanen nan sun yi biyayya iya saninsu, kuma sun binne 'ya'yansu a wurin da biyayyar ta kai su. Duk wanda ya ce maka bin Yesu inshora ne daga wahala, tambaye shi labarin Gimi. A Luka sura 9 ma ai maganar ɗaukar gicciye kullum aka yi.

10/ Waɗanda suka tsira, musamman yara, da yawa suka koma wurin mishan a Zariya. A 1929 aka mayar da mishan ɗin bayan gari, Wusasa. Can aka gina cocin St. Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sak, ga makaranta, ga asibitin St. Luke da Musulmi da Kirista ke zuwa.

11/ Daga wannan zuriya ta Isawa Farfesa Ishaya Audu ya fito. An haife shi a Anchau a 1927, ya zama likitan yara, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya yi ministan harkokin waje a jamhuriya ta biyu. Jama'ar da cuta ta kusa ƙarar da su, su suka haifi likita.

12/ Yanzu bari in dawo kanmu. Ni a wayata akwai Littafi Mai Tsarki da Hausa da Turanci, fassara iri-iri, kyauta. Kusan kullum da safe ina ɗora aya a WhatsApp. Kuma a zangon karatun da ya wuce na yi wata biyu ina canza hanya don kar in haɗu da mai shagon da ke bina bashi.

13/ Ran nan na ɗora aya a kan ƙaunar maƙwabci da safe, da yamma ina ƙarƙashin rubutun wani ina zagin addininsa don ya taɓa nawa. Wani abokina Musulmi ya turo min hotunan biyun a haɗe, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

14/ Wasiƙar Yakubu sura 1 ta kwatanta mai ji ba ya aikatawa da wanda ya duba madubi, ya juya ya manta kamanninsa. Mutanen Gimi ɗan abin da suka samu sun bi shi har ya ci musu gida da gona. Mu namu bai wuce biyan bashi, da barin satar amsa, da riƙe yatsa kafin mu tura zagi ba.

15/ Ba na ce kowa ya tattara ya koma daji ba fa. Abin da nake gwadawa yanzu shi ne: aya ɗaya a mako, ba zan ɗora ta ba sai na yi abin da ta ce. Na biya mai shago ranar Talata. Wanda na zaga kuma har yanzu ina tattara ƙarfin halin ba shi haƙuri, ku sa ni a addu'a.

16/ In hanya ta bi da ku Zariya, ku leƙa Wusasa ku ga cocin ƙasar nan da idonku. In kuma akwai jikokin mutanen Gimi a nan, don Allah ku ba mu abin da kakanni suka faɗa muku, mu ƙaru.