Makaɗan Celo da Jita da Ƙarancin Gadonsu

A bisa al'adar kiɗan gargajiya na Turai, wanda ake rubuta shi a takarda a kuma karanta shi kamar nassi, idan mai celo zai fito gaban jama'a ya nuna gwanintarsa, to mai fiyano ne ke zama a bayansa yana tallafa masa, kuma a kan wannan ƙa'ida ce manyan ma'abota talifi, tun daga Beethoven har zuwa Brahms, suka bar masa gado mai yawa. Shi celo babban ɗan'uwan goge ne mai tsirkiya huɗu, wanda makaɗi ke zama ya rungume shi tsakanin gwiwoyinsa yana gogawa da baka mai izga. Ita kuwa jita, mai tsirkiya shida, da yatsu ake kaɗa ta kamar molo. Makaɗan da suka zaɓi su haɗa waɗannan biyu su mai da haɗin sana'arsu, sun tarar da cewa abin da magabata suka rubuta musu bai taka kara ya karya ba, sai ya zama rabin aikinsu kiɗa ne, rabi kuwa neman abin kaɗawa.

Ba wai babu sanayya tsakanin kayan biyu tun da can ba ne. Luigi Boccherini, mutumin Italiya wanda ya shahara da celo ya kuma ƙare rayuwarsa a Madrid a 1805, ya sake tsara wasu talifansa a ƙarshen ƙarni na 18 domin a shigar da jita, saboda wani basarake mai sha'awarta ya roƙe shi. Mauro Giuliani kuma, wanda ya isa birnin Biyana a 1806 ya zama zakaran masu jita na zamaninsa, ya koyi celo tun yana yaro, kuma yana cikin makaɗan da Beethoven ya jagoranta a watan Disamba na 1813, ranar da aka fara jin babban talifinsa na bakwai. A wannan birni ne, a 1823, wani masassaƙin jita mai suna Johann Georg Stauffer ya yi tunanin cewa maimakon a nemo mutum biyu, ai ana iya haɗa kayan biyu su zama ɗaya. Ya sassaƙa abin da daga baya aka sani da suna arpeggione: tsirkiya shida aka ɗaura masa, aka daidaita su irin na jita, aka jera masa ƙarafa a wuya irin nata, amma a tsakanin gwiwoyi ake riƙe shi ana gogawa da baka. Franz Schubert ya rubuta wa wannan abin kiɗa talifi guda, tare da fiyano, a watan Nuwamba na 1824, kuma bai rayu ya ga an buga shi ba, domin ya rasu a 1828, takardun kuwa ba su kai maɗaba'a ba sai a 1871, lokacin da an daɗe da mancewa da abin kiɗan da aka yi su dominsa. Masu celo ne suka gaje shi. Kusan abin da ya saura daga wancan zamani wanda aka yi musamman domin celo da jita, kuma har yau ake yawan kaɗawa, shi ne gajerun kiɗan dare guda uku na Friedrich Burgmüller, Bajamushen da yara masu koyon fiyano suka fi sani da darussansa.

Dalilin wannan ƙaranci yana cikin halittar kayan su kansu. Sautin jita yana fara mutuwa ne tun daga lokacin da farce ya saki tsirkiya, alhali mai celo yana iya riƙe sauti ɗaya ya yi ta kumbura shi gwargwadon tsawon bakansa. Sa'an nan muryoyinsu suna zaune ne kusan wuri ɗaya, har ma tsirkiyar celo ta ƙasa ta fi ta jita zurfi, saboda haka da zarar mai celo ya ɗan danna hannu sai ya binne abokinsa. Wanda ya taɓa kallonsu kusa zai lura da yadda mai celo ke sassauta baka ya matsar da shi sama wajen wuya domin sautin ya yi laushi, shi kuwa mai jita yana matsar da hannun dama ƙasa kusa da maɗaurin tsirkiya domin nasa ya yi kaifi ya ratsa. A ƙarni na 19, da aka gina manyan zauruka aka kuma sa wa fiyano ƙashin ƙarfe, jita ba ta da ƙarfin da za ta cika su, sai ta koma ɗakunan gidaje.

Farfaɗowar ta zo ne daga Sifen da Kudancin Amurka. Andrés Segovia ya mai da jita manyan zauruka, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya taimaka wajen yaɗa tsirkiyar nailan a madadin ta hanjin dabba mai saurin tsinkewa. A Birazil kuwa, Heitor Villa-Lobos ya taso da kayan biyu a hannunsa: mahaifinsa ya koya masa celo, bayan rasuwar mahaifin a 1899 ya riƙa cin abinci da shi a gidajen silima da na shan gahawa a Rio de Janeiro, da dare kuma ya bi makaɗan titi da jitarsa. Wata waƙa tasa ta 1938, daga na biyar cikin jerin talifansa na Bachianas Brasileiras, wadda ya yi domin muryar mace da tarin masu celo, shi da kansa ya sake tsara ta domin murya da jita, kuma daga baya masu celo suka karɓi gurbin muryar. Ɗan ƙasarsa Radamés Gnattali ya rubuta cikakken talifi domin celo da jita a 1969, wanda a ganina shi ne na farko da ya ba kowannensu haƙƙinsa ba tare da ya mai da ɗaya bawan ɗaya ba.

Sauran abin da ake ji a yau galibinsa aro ne, kuma aron nan yana bukatar ijtihadi, domin mai fiyano yana da yatsu goma a kan allonsa, mai jita kuwa tsirkiya shida kawai gare shi, sai ya zauna da alƙalami ya yanke hukuncin wane sauti ne rukuni, wanne kuma za a iya zubarwa ba tare da an ɓata ma'ana ba. Haka Anja Lechner ta Jamus da Pablo Márquez na Ajantina suka yi da talifin Schubert a faifansu na 2018, suka haɗa shi da kiɗan daren Burgmüller. Rupert Boyd ɗan Ostireliya da matarsa Laura Metcalf 'yar Amurka, waɗanda suke fita da sunan Boyd Meets Girl, sun cika faifansu na farko a 2017 da Bach da Falla da Piazzolla, har da wata waƙar Michael Jackson, abin da wasu masu tsananin riƙo da nassi ba za su so ba, ko da yake ban ga laifinsa ba ga mutanen da ba a bar musu gado ba. Sheku Kanneh-Mason kuma, ɗan Ingila wanda mahaifiyarsa haifaffiyar Saliyo ce, wanda ya lashe gasar matasan makaɗa ta BBC a 2016, ya yi ta zagaya ƙasashe da abokin karatunsa na Landan, Plínio Fernandes ɗan Birazil.

Akwai kuma wata fa'ida ta neman abinci wadda ba a cika faɗa ba. Mai celo da mai fiyano ba sa iya zuwa sai inda aka ajiye fiyano mai kyau aka kuma biya wanda zai daidaita shi, amma waɗannan biyu kujeru biyu kawai suke bukata, wani lokaci da 'yar na'urar ƙara sauti a ƙarƙashin kujerar mai jita, saboda haka suna samun aiki a ƙananan garuruwa da makarantu da majami'u. Babban abin da ke cin kuɗinsu shi ne jirgin sama, inda tilas a saya wa celo tikitinsa daban ya zauna a kujera kusa da mai shi.