Kyauta a Landan, Guba a Balin, Aure a Suwidin

Mai karatu, ga kalma mai haruffa huɗu: gift. In ka gan ta a kan kwali a Landan, buɗe da murna, kyauta ce aka aiko maka. In ka gan ta a jikin kwalba a Balin ko Hambug, galibi da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gefe, to ka ɗauke ta inda yara ba za su kai ba, domin a Jamusanci guba ke nan. Ka haura arewa zuwa Suwidin, ko Danmak, ko Norwe, mutum ya ce maka shi gift ne, yana nufin yana da aure. Kuma a can ɗin ma, da wannan kalmar dai suke kiran guba.

Ba haɗuwar banza ba ce. Harsunan nan dangi ne, kuma kalmar ta fito daga tushe guda, wato aikatau mai ma'anar bayarwa. Asalinta abin da aka bayar, shi ke nan.

To, me ake bayarwa? A tsohon Ingilishi, shekaru dubu da suka wuce, gift kuɗin da namiji ke biya ne don a ba shi mata, kamar dai sadaki. Ma'anar kyauta ta yaɗu ne daga baya, wajen ƙarni na 13, kuma ana ganin hannun mutanen arewacin Turai a ciki, waɗanda suka ci birnin Yok a 866 suka zauna a gabashin Ingila. A ƙasarsu ta asali kuwa, kalmar ta manne wa aure. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba. Mu ma ai cewa muke an ba da yarinya, an ba wane mata.

Ta Jamusawa ce mai daɗin bibiya. Likitocin Girka na kiran gwargwadon maganin da ake ba majinyaci dosis, ita ma ma'anarta bayarwa. Latinanci ya ara, kuma masana da dama na ganin Jamusawa sun bi wannan sawun, suka ce gift. Daga abin da likita ya ba ka zuwa abin da maƙiyi ya ba ka, tazarar ba ta da yawa. A ganina tsoro ne ya ƙarasa aikin. Mutane ba sa son kiran mugun abu da sunansa, sai su kewaya. Ka tuna yadda ake raɗa a unguwa: an ba shi ya ci, an sa masa magani a fura. Ba wanda ya ambaci guba, amma kowa ya gane. Haka Jamusawa suka yi ta sakayawa har sunan sakayar ya zama shi ne sunan yanka, kyauta kuma ta koma Geschenk ko Gabe. Mutanen Suwidin da Danmak daga wurinsu suka ari ma'anar guba, ta tarar da ta aure a gida, suka zauna tare.

Masu Faransanci a cikinku kada su yi dariya. Poison daga potio ta Latinanci take, wato abin sha kawai. Bafaranshen masanin zamantakewa Marcel Mauss ya rubuta gajeriyar maƙala kan wannan a 1924, inda ya nuna cewa a wajen Jamusawan da, babbar kyauta ita ce abin shan da mai gida ke miƙa wa baƙo, kuma baƙon bai san abin da ke cikin ƙoƙon ba sai ya sha.

Tsohuwar ma'anar ba ta mutu ɗungum a Jamus ba. Har yau dukiyar da amarya ke zuwa da ita daga gidan iyayenta, irin gara da kayan ɗaki a wajenmu, sunanta Mitgift.