Laccocin Intanet Tsakanin Al'adu a Tamale: Wa Ke Magana, Wa Ke Sauraro?

Tsakure

Maƙalar ta duba laccocin da ake haɗa ɗaliban ƙasashe daban-daban a kansu ta intanet, ta auna su da tsarin karatun Jami'ar Nazarin Ci Gaba ta Tamale, wato UDS. Matsayinta shi ne ɗalibin Tamale yana da abin koyarwa a kan matsalolin duniya, kuma tsarin da ya bar shi a kujerar mai sauraro ya tauye ilimin kowa.

Waiwaye

Cibiyar COIL ta Jami'ar Jihar New York, wadda aka kafa a 2006, ta yaɗa salon haɗa aji biyu na ƙasashe biyu ƙarƙashin malamai biyu. Beelen da Jones (2015) sun nuna cewa ana iya shigar da fahimtar duniya cikin manhaja ba tare da ɗalibi ya bar gida ba. Ba ni da ja a kan wannan. Jayayyata tana ga waɗanda suka ɗauka cewa da an buɗe Zoom, daidaito ya samu. Altbach ya daɗe yana bayyana yadda ilimin jami'a ke kwarara daga manyan cibiyoyi zuwa gefe. Allon kwamfuta bai juya wannan kwarara ba. Muddin can ake zaɓar maudu'i, can ake tsayar da sa'a, malamin can ne kuma ke riƙe da magana, tsohuwar hanya ce aka bi da sabuwar mota.

Hanyar Bincike

An kwatanta tsarin COIL da manhajar UDS da yanayin yankin.

Sakamako

Tun da aka rufe makarantun Gana a Maris 2020 malamai suka saba da koyarwa ta intanet. Tsadar data da ɗaukewar wutar kamfanin lantarki na NEDCo na nan, haka ma tazarar sa'a huɗu zuwa biyar tsakanin Tamale da New York. Waɗannan sanannu ne, kuma suna da magani.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne zango na uku. An kafa UDS a 1992, ta ɗauki ɗalibanta na farko a Nyankpala a 1993, kuma ta wajabta wa ɗalibai zama na makonni a ƙauyuka a zango na uku na shekarar karatu, su ci abincin mutane, su tattara bayanan matsalolinsu tare da su. Wanda ya yi wannan zama a gaɓar Farin Volta ya san abin da ke biyo baya idan aka buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso a ƙarshen damina: masara da shinkafa su nutse, a yankin da ba shi da damina ta biyu da za a rama asara. A nan sauyin yanayi, da rabon ruwa tsakanin ƙasashe, da ƙarancin abinci suka haɗu a gona guda. Haka batun kaɗanya. Matan da ke tsintar ta da asuba su ne farkon cinikin da ke ƙarewa a kamfanonin man shafawa da cakulan na Turai, kuma ɗalibin da ya zauna a gidajensu ya ga kuɗin da ke shiga hannunsu. Takwaransa na Amurka ko Holan a littafi kawai ya gamu da wannan. Ina ganin ya wajaba rahotannin zango na uku su zama tushen lacca, ɗaliban Tamale su gabatar, na ƙetare su yi tambaya, a kuma bar muryar manomi ta fito da Dagbani ko Hausar zango, a yi tafinta.

Iyakar Bincike

Ba a tattauna da ɗalibai ba, kuma jami'a ɗaya aka duba. Mai son ƙididdiga zai ce da saura. Sai dai hujjar ta tsaya ne a kan tsarin manhaja, wanda kowa zai iya dubawa.