Kofunan Azurfa Masu Hotuna na Zamanin Rumawa

Kofunan azurfa masu hotuna mazubai ne na shan ruwan inabi waɗanda attajiran daular Rum suka yi yayinsu, musamman daga ƙarni na 1 kafin Miladiyya zuwa ƙarni na 1 Miladiyya. Yawancinsu masu mariƙi biyu ne, kuma bibbiyu ake ƙera su. A jikinsu akwai siffofin mutane da dabbobi da tsirrai da suka ɗago sama har ana iya shafa su da yatsa.

Asali

Rumawan farko ba su ɗauki tara azurfa abin kirki ba. Wajen shekara ta 275 kafin Miladiyya an kori Cornelius Rufinus daga majalisar dattawa saboda an same shi da kayan cin abinci na azurfa masu nauyin fam 10. Yaƙe-yaƙe ne suka sauya wannan ra'ayi. Da Rumawa suka ci ƙasashen Girkawa, suka kuma rushe birnin Korinti a shekara ta 146 kafin Miladiyya, ganima ta kwararo Roma, gwanayen maƙeran fari na Girka suka biyo ta, wasu bayi wasu 'yantattu. Ita kuwa ɗanyar azurfar, da yawanta daga ma'adinan Sifaniya ake haƙo ta. Marubuci Pliny Babba ya ruwaito cewa Lucius Crassus ya sayi kofuna biyu, aikin wani maƙeri mai suna Mentor, a kan kuɗin sestas 100,000, amma kunya ta hana shi sha da su.

Yadda ake ƙera su

Kofin yakan zama riɓi biyu. Maƙeri zai buge azurfa ta yi falle-falle, ya dafa ta da danƙo don kada ta tsage, ya riƙa turo siffa daga ciki da guduma da ƙananan ƙarafa. Sai ya juyo ta waje ya fitar da ido da gashi da kalmasar tufafi. Daga nan ya zura wani ƙoƙo mai santsi a ciki, wanda shi ne ke riƙe abin sha, ana kuma iya zare shi a wanke. Mariƙi da gindi daban ake yin su a liƙa. Wasu sassan hoton akan shafa musu ruwan zinariya.

Abin da hotunan ke nunawa

A wurin liyafa Rumawa kishingiɗa suke yi, kofi na hannu, ana hira. Hoton jikin kofi shi ke kawo zance, kuma da shi ake gane baƙon da ya yi karatu. Kofuna biyu da aka tono a Hoby ta ƙasar Denmak a 1920, a kabarin wani basarake, suna ɗauke da sa hannun maƙerinsu, Cheirisophos. A jikin ɗaya ga tsohon sarkin Taroy, Priam, durƙushe gaban jarumin Girkawa Achilles yana sumbatar hannunsa, yana roƙon gawar ɗansa Hector. An kuma karta sunan Silius a ƙarƙashinsu, shi ya sa masana ke ganin kyauta ce daga wani kwamandan Rumawa mai wannan suna da ke bakin kogin Rhine.

Wasu kofunan na siyasa ne. Cikin dukiyar da aka gano a Boscoreale ta ƙasar Italiya akwai wanda ya nuna Kaisar Agustas a zaune, baƙin ƙabilu suna miƙa masa 'ya'yansu, ɗaya kofin kuma ya nuna magajin Agustas, Tibariyas, bisa keken doki a bikin nasara, ana shirin yanka bijimi.

Mafi shahara su ne kofuna biyu masu ƙwarangwal. A ƙarƙashin damin furanni an jera ƙasusuwan manyan mawaƙa da masana falsafa na Girka, kowa da sunansa a rubuce da ɗige-ɗige: Sophocles, Euripides, Menander, Zeno, Epicurus. Ƙwarangwal ɗin Epicurus ya kai hannu ga abincin da ke kan tebur, ɗan alade na ɗage a ƙafarsa, na Zeno kuwa yana nuna shi da yatsa. Rubutun da ke gefe yana tuna wa mai sha cewa ya ji daɗinsa tun yana da rai, domin gobe ba ta da tabbas.

Yadda suka kai ga zamaninmu

Azurfa kuɗi ce, don haka da an shiga matsi ko yayi ya wuce sai a narkar da ita. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda aka binne da mamaci, ko aka ɓoye mai su bai dawo ba. Dukiyar Boscoreale tana cikin ramin matsar inabi na wani gidan gona lokacin da dutsen Vesuvius ya yi aman wuta a shekara ta 79 Miladiyya, aman da Pliny kansa ya mutu a cikinsa. An gano ta a 1895: kayan azurfa 109 da tsabar zinariya sama da 1,000. Aka fitar da ita daga Italiya, Baron Edmond de Rothschild ya saya ya ba da mafi yawanta ga gidan tarihi na Louvre a Paris. A 1930 kuma aka sami wasu 118 cikin akwati a ƙarƙashin Gidan Menander da ke Pompeii, waɗanda yanzu suke gidan tarihi na Naples. A kan waɗannan tarin biyu aka gina mafi yawan abin da aka sani game da kayan teburin attajiran Rum na ƙarni na 1.